Anti, in sayar da tibin nan ne kowa ya huta?

Saƙon nan tun ranar Talata ya shigo min, na ɗan rage mishi tsawo na kuma cire duk abin da zai sa a gane mai shi.

"Assalamu alaikum Anti, ya sanyi ya iyali. Ni magidanci ne a nan Jos, kayan gwari nake sayarwa a Farin Gada, shekarata 14 da aure, yaranmu huɗu. Shekara biyu da suka wuce na ɗaura dish na haɗa 'yar sola don iyali su ji daɗi, toh wallahi tun daga ranar gidana ya canza. Matata ba ta da aiki sai kallon Indiya-Hausa da fina-finan nan masu dogon zango, wani lokacin in dawo goma na dare tuwo bai sauka ba, in na yi magana ta ce ai ni ban iya soyayya ba, ban taɓa ce mata ina sonta ba, ko ranar bazde ɗinta ban sani ba. Autanmu ɗan shekara uku ba ya cin abinci sai an kunna mishi katun. Abin da ya fi ƙona min rai, satin da ya wuce wani maƙwabcina ya nuna min 'yata 'yar shekara 12 a TikTok tana kwaikwayon wata 'yar fim, da wayar uwarta ta yi. Na dawo gida na mari yarinyar, na fizge kebul ɗin dish na tsinka. Yau kwana biyar tsakanina da matata sai gaisuwa. Abokaina sun ce in sayar da tibin in ƙwace waya kowa ya huta. Ni dai in na tashi kasuwa majalisa nake wucewa, ranar da ake ƙwallo in je gidan kallo, ban da haka ba ruwana da kowa. Anti in sayar ne?"

Wa'alaikumus salam ƙanena, sanyi kam sai godiya, bana ruwan randa ma sai an ɗumama kafin a iya alwala da shi. Sau uku na karanta saƙonka, kuma kafin in ja ka da dogon zance ga amsarka: kar ka sayar. Ka nemo yaron da ya ɗaura maka dish ɗin ya zo ya haɗa kebul ɗin da ka tsinka. Na san ba haka ka so ji ba, na kuma san 'yan majalisarku za su ce ai dama mace ce dole ta bi bayan 'yar uwarta, toh su daure su karanta har ƙasa, ita ma uwargidan na ajiye mata nata kason.

Bari in fara tambayarka. Cikin kwana biyar ɗin nan da tibi ya mutu, kana zaton an daina kallo a gidanka? Yawancin abin da ake nunawa a tasha yana nan a YouTube, wanda babu kuma ga yaran nan masu tura fina-finai a shagon caji, daga Unguwar Rogo har Gangare har Rikkos ba layin da za ka bi ka rasa su, a aiki yaro da canjin cefane da memori ya dawo da kashi ashirin a aljihu. Abin da ka yi kawai shi ne ka ɗauke kallo daga falo, inda kowa ke ganin abin da kowa ke kallo har kai in ka shigo, ka tura shi cikin bargo. Kuma ka lura da kyau, abin da ka ce ya fi ƙona maka rai, bidiyon yarinyar nan, da waya aka yi shi. Tibi dai ya sha dukan da ba nashi ba. In ka sayar da shi gudun gara ne za ka yi ka faɗa gidan zago, don a duk gilasan da ke gidanka shi kaɗai ne ya rage wanda mutum shida za su zauna su kalla tare.

Mu 'yan Jos ba baƙin akwatin nan ba ne fa. Ibadan ce ta fara samun tashar talabijin a ƙasar nan a 1959, Kaduna ta samu tata a 1962, amma hoto mai kala a garin nan aka fara watsa shi, tashar tsohuwar jihar Benuwai-Filato, tsakiyar shekarun 1970, kafin gwamnatin tarayya ta tattara tashoshin duka ƙarƙashin NTA a 1977. Kwalejin koyon aikin talabijin ta NTA ga ta nan a Rayfield, hedikwatar hukumar fina-finai ta ƙasa da makarantarta duk a Jos suke, ko da aka tashi komawa tsarin dijital a 2016 ma da mu aka fara gwaji. Ka ga kuwa a irin wannan garin ne kake so ka rene yara huɗu kamar ba a ƙirƙiri tibi ba, ai da kamar wuya.

Ni da tibi na girma, kuma ban lalace ba, ko dai in ce ban lalace sosai ba. A layinmu gida ɗaya ne ke da shi, baƙi da fari, mai ƙofa kamar kabad har da ɗan makulli, sai mun wanke ƙafa a bakin rijiya ake barinmu mu shiga mu jeru a ƙasa. Tasha ba ta buɗewa sai yamma wajen la'asar, a fara da taken ƙasa, ƙarfe tara a yi labarai dattawa su karɓe falon, can wajen tsakar dare a sake taken ƙasa sai ka ji shuuu, gilashi ya cika da yashi. Shi kenan, ko kana so ko ba ka so barci za ka je. Sannan ba mu taɓa kallo babu babba a wajen ba. In aka nuno abin da bai kamata ba, matar gidan ba ta ko ɗaga murya, tari ɗaya za ta yi ta ce ke tashi ki ɗebo min ruwa, kai je ka duba ko an rufe akurki, kafin mu dawo an wuce wajen. A lokacin haushi muke ji. Sai da na girma na gane abu biyu ne suka tsare mu, tasha mai rufe kanta da kuma babba a zaune.

Na farkon ya tafi kuma ba zai dawo ba. A 1992 gwamnati ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofar kafa tashoshi ta kafa NBC ta riƙa sa musu ido, dish ya yi araha, StarTimes ta shigo a 2010, Arewa24 ta zo a 2014 da Hausa zalla dare da rana, ga tashoshin Indiya, sannan waya ta zo ta shanye su duka. Yanzu babu mai buga taken ƙasa ya ce ku je ku kwanta. Aikin rufe tasha ya dawo hannun maigida da uwargida, su ne NTA ɗin gidansu. Na biyun kuma, babban da zai zauna, toh ka faɗa da bakinka, yana majalisa.

Kuma kar ka ɗauka rashin hankali ne ya manne matarka a kujera. Fim mai dogon zango da gangan ake ɗinka shi haka, a yanke daidai inda aka ɗaga hannu za a yi mari ko aka buɗe ƙofa za a kama wani, don kuɗinsu daga talla yake fitowa, talla kuma yawan idon da ya dawo gobe take bi. TikTok ya fi su iya shege, yana ƙirga daƙiƙa nawa ka tsaya a kan kowane bidiyo, abin da ya ga ka daɗe a kai shi zai yi ta turo maka irinsa, kuma ba shi da ƙarshe balle ka ce bari in kai ƙarshe in ajiye. Mutane ne masu manyan digiri ake biya albashi don su tabbatar ba ta tashi ta duba tukunya ba. Ni kaina da nake maka wannan wa'azin na taɓa ƙona wake ƙurmus saboda wata kishiya a fim da nake jira asirinta ya tonu, sai da hayaƙi ya shigo falo na farga.

Ban ce tsoronka na banza ba ne fa. Kallo yana canza mutane, kuma an auna an gani. A Barazil akwai wata babbar tasha, Globo, da ta shahara da wasannin dogon zango na dare, sai masana tattalin arziki suka bi diddigin yadda siginarta ta riƙa isa garuruwa ɗaya bayan ɗaya daga shekarun 1970 zuwa farkon 1990, suka tarar inda ta isa mata sun rage haihuwa, don iyalan da ake nunawa a wasan ƙanana ne kuma a wadace, iyaye suka riƙa raɗa wa jarirai sunayen mutanen cikin wasan, wani binciken kuma ya nuna rabuwar aure ta ƙaru a wuraren. Ba wanda ya fito a tibi ya ce musu ku rage haihuwa ko ku rabu da mazanku. Maimaici ne kawai, yau ka gani gobe ka gani, har idonka ya saba ya fara ɗauka ai haka duniya take zaune.

Ba sai mun je Barazil ba ma, ka dubi bikinmu. Da kamu ne da sa lalle da wuni da ɗaurin aure da kai amarya da buɗar kai, amarya a lulluɓe tana kuka ana lallashi. Yanzu hoton kafin aure, dina, biraidal shawa, amarya ta shigo da rawa ango na mata liƙi a gaban surukai, kuma uban da bai da halin yi sai ya ji kamar ya ci amanar 'yarsa. Wane malami ne ya yi fatawar haka, wane sarki ne ya yi shela? Babu. Ido ne ya gani har ya canza mudu. Wannan shi ne ainihin abin da akwatin nan ke yi wa gida, yana canza mudun da mutum ke auna rayuwarsa da shi, ɗakin da jiya ya ishe ka yau ka ga ya yi ƙanƙanta, mijin da jiya ake gode wa yau a ga bai iya magana ba.

Amma kuma al'ada ba ƙwai ba ce da za ta faɗi sau ɗaya ta fashe. Fim ɗin Indiya ya girme ni ya girme ka a ƙasar Hausa, tun zamanin da Kwarori ke riƙe da gidajen silima suke kawo shi, yayyenmu maza har satar hanya suke yi su je silimar Kwararafa, su dawo suna rera waƙar da ba su san ma'anar kalma ɗaya a ciki ba. A Kano har masu bege da bandiri sun ɗauki karin waƙoƙin Indiya suka zuba yabon Annabi a kai, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya daɗe yana rubutu a kan yadda muka ari kayan Indiya muka yi musu ɗinkin Hausa. Iyayenmu mata sun kalla a bidiyo mai kaset, sun sha kukansu, kuma suka tashi suka tuƙa tuwo. Saboda haka in ka ga kallo ya cinye mace ɗungurungum, ka duba da kyau, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Toh mu duba bangon. Mai kayan gwari a Farin Gada na san kafin gari ya waye ya fita, don motocin tumatur da kabeji ba sa jiran kowa. Ka wuni kana ciniki, ka tashi ka wuce majalisa, ka shigo goma. Ranar Asabar da Lahadi Firimiya, tsakiyar sati in ana Zakarun Turai sai wajen sha ɗaya. Ƙirga min awa nawa baiwar Allah nan take ganin fuskarka ido biyu a sati. Yara uku sun tafi boko sun dawo sun wuce islamiyya, ya rage daga ita sai ɗan shekara uku da bango huɗu. Da a gidan gandu ne irin na da, ga faccaloli ga uwar miji ga 'yan aike ana surfe ana hira, yini ba ya tsawo. Yanzu kowa ya kama ɗaki biyu da falo ya ja geti. Mutanen cikin fim ɗin nan su ne faccalolinta, su ne maƙwabtanta, su ne kaɗai ke magana a falon daga safe har dare. Ka zo rana ɗaya ka kore su duka ba ka kawo madadinsu ba, kuma kana mamakin ta yi shiru.

Sannan kalmar nan taka ta "ba ruwana da kowa" ta ba ni dariya. Ƙanena kai ma ɗan kallo ne, naka dai a waje kake yi kuma har biya kake yi a ƙofa. Minti casa'in kana ihu a kan yaran da ba su san akwai wani gari wai shi Jos ba, in kulob ɗinka ya sha kashi ka shigo gida fuska a murtuke kowa ya kama kansa. Ban ce ka daina ba, halal ɗinka ne, namiji na buƙatar inda zai sha iska. Amma laifi tudu ne. Kuma mu manya da muke cewa yara ne waya ke ruɗa, wa ya tashi cikin dare a 2014 ya yi wanka da ruwan gishiri har da sha wai maganin Ebola saboda saƙon da aka turo? Ba yara ba ne. Mu a garin nan mun kuma san abin da hoton ƙarya guda ɗaya ke iya jawowa in gari ya ɗau zafi, ba sai na tsaya bayani ba.

Yanzu ƙorafinta. Ka ce ta ce ba ka taɓa cewa kana sonta ba, kai kuma ka jingina abin ga Indiyawa. Na yarda mun taso da alkunya, kakanninmu har suka mutu wata ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba, so a aikace ake nuna shi, a cefane da zanen sallah da tsayawa a kanka ranar ciwo, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, duk wanda ya raina shi bai san aure ba. Amma faɗa da baki ba daga Bombay aka kawo shi ba. Amru ɗan Asi ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wa ya fi so a cikin mutane, ya ce A'isha, a fili, ga namiji ɗan uwansa. Kuma tunda maganar kallo muke, hadisi ne ingantacce cewa Habashawa na wasa da mashi a masallaci, ya tsaya ya kāre Nana A'isha tana kallo ta bayansa, bai gusa ba har sai da ita da kanta ta gaji. Ka ji fa, tsayawa ya yi tare da ita. In 'yan majalisa sun ce ka zama mijin ta ce, ka karanta musu wannan.

Ke kuma uwargida, don na san zai miƙa miki wayar ki karanta, matso kusa. Mutumin da ya fita tun duhu a sanyin Jos ya wuni yana ɗaga kwando, ya dawo goma ya tarar murhu a kashe saboda ana jiran a ga ko wance za ta auri wane, ƙanwata wannan ba daidai ba ne kuma kin sani. Fim ba ya guduwa, ana maimaitawa, yana waya, cikin mijinki kuwa ba ya jira. Sannan ki daina auna shi da jarumin fim. Wancan rubuta mishi kalaman aka yi, ya haddace, aka shafa mishi hoda, ya faɗa sau goma ana yankewa ana sakewa, aka biya shi ya tafi gida, ba ki san yadda yake da tashi matar ba. Naki ba wanda ya rubuta mishi komai, sola ya saya miki da kuɗin tumatur, irin tashi waƙar kenan. Ki nemi haƙƙinki na hira da kulawa, kina da gaskiya a nan, amma kar ki ce "ka ga yadda wane ke yi wa wance", ba namijin da ke jin wannan ya gyaru, sai dai ya ƙara bushewa. Kuma wayarki da kika bari a hannun 'yar shekara 12 ba lambar sirri ba tambaya, wannan naki ne, ki ɗauka.

Maganar yarinyar ita ce ta fi gaggawa, a nan nake so ka natsu. Marin ya riga ya faru, ni dai ban goyi bayansa ba, don abin da mari ke koya wa 'yar wannan shekarun shi ne ta iya ɓoyewa, gobe da wayar ƙawarta za ta yi a islamiyya kuma maƙwabci ba zai gani ba balle ya faɗa maka. Ka kira ta ku zauna, kai da ita da uwarta, ban da ƙannenta, ban da gwaggo da kawu, kar a mai da ita abin nuni a dangi. Ka ce ta nuna maka bidiyon da kanta ku goge tare, in ta buɗe akawun nata daban a rufe shi gaba ɗaya, don su kansu masu TikTok dokarsu sai ɗan shekara 13, in har ta buɗe toh ƙaryar shekaru ta yi. Uwar ta duba akwatin saƙo da kyau, a ga ko akwai wani babba da ke mata magana, yana yaba ta, yana neman hoto ko lamba, wannan shi ne abin tsoron na gaske, ya fi kwaikwayon 'yar fim sau dubu. In an samu, kar a goge, a ɗauki hoton saƙon a ajiye a toshe shi, in abin ya kai a kai ƙara. Ka kuma fahimtar da ita dalili, cewa abin da ya hau intanet wani na iya saukewa ya ajiye shekara goma, ranar da ba ta so ya fito ya fito. Yarinya 'yar 12 tana gane magana in an yi mata ita kamar mutum. Kuma don kar ta ɗauka ƙauyancin Baba ne, ka faɗa mata Ostareliya ƙasar Turawa ce amma a 2024 ta yi dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 riƙe akawun a irin waɗannan shafuka, ta fara aiki a Disambar 2025.

Wani abu kuma, ka tambaye ta me ya burge ta a wajen 'yar fim ɗin, kuma ka saurari amsar ba tare da ka zare ido ba. Wataƙila yarinyar nan Allah ya ba ta baki da iya kwaikwayo ne, irinsu ne ke cin gasar muhawara da wasan kwaikwayon makaranta da musabaƙa. Mu ma mun yi tashe, mun yi gaɗa a dandali, mun kwaikwayi malamanmu har da tafiyarsu, bambancin kawai namu iska ta kwashe, nasu ana ajiyewa.

Autan kuma nashi mai sauƙi ne amma sai an toshe kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019 cewa jariri kar a ba shi kallon gilashi sam, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kar ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ma ya fi. Yaron da ake ɗura wa abinci idonsa na kan katun bai san ya ci ba bai san ya ƙoshi ba. A kashe, a zaunar da shi cikin 'yan uwansa a kwano, zai yi kuka ya yi birgima kwana uku ko huɗu, yunwa za ta sasanta ku. A riƙa yi mishi magana da Hausa sosai, a aike shi, a yi mishi waƙa, don baki a wajen mutane ake koyonsa, katun ba ya jiran yaro ya amsa. In kun ga har yanzu ba ya haɗa kalma biyu uku ko ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ku kai shi asibiti a duba, kar a tsaya ana cewa ai babansa ma bai yi magana da wuri ba.

In an haɗa kebul, kai da ita za ku zauna ku yanka lokaci, ba kai kaɗai za ka karanto doka kamar sanarwar soja ba, don dokar da aka yi da mutum ita yake tsarewa in ba ka nan. Ni a gidana abin da ya yi aiki shi ne daga kiran magariba tibi a kashe har a yi isha a ci abinci a duba aikin makaranta, sannan a kunna awa ɗaya ko ɗaya da rabi, wayoyi kuma duka a falo suke kwana a wajen caji, har tawa har ta maigidan, shi ne ma ya fi kowa ƙorafi da farko. Ku ku ga abin da ya dace da gidanku. Ita ta zaɓi fim ɗaya ko biyu da ba ta son ya wuce ta, sauran ta haƙura. Kai kuma ka sadaukar da dare biyu a sati daga majalisa, biyu kawai na ce, majalisa ba za ta rushe ba, ka zauna ka kalli abin da suke kallo. Za ka sha mamakin abin da za ka ji. Ka riƙa tsoma baki cikin raha, ka ce yanzu wannan da ya yi wa uwarsa tsawa a garinmu me za a ce mishi, wannan gidan da suke ciki aikin me yake yi ya same shi tunda ba mu taɓa ganin ya fita aiki ba, ka bar yaran su yi ta musu. Abin da matar layinmu ke yi da tarinta kenan, kai da baki za ka yi. Ranar da babban wasa ya faɗo a tashar da kake da ita ka kalla a gida da yaran, ka ga yadda za su rataye a wuyanka. Daren da hadari ya hana sola caji kuma kar a yi ta tsaki, ka ce ga ta nan ga ta nanku ka gani ko akwai wanda ya san amsar a cikinsu, in babu toh ka san aikin da ke gabanka, Gizo da Ƙoƙi ba su da tasha sai bakinka.

Shirun kwana biyar ɗin nan kuma kai za ka karya shi, don kai ka tsinka kebul a gaban yara. Yau kar ka biya majalisa. Ka tsaya wajen mai nama ka sa a yanka maka balangu mai zafi a zuba yaji a gefe, ka shiga gida kafin isha, in yara sun kwanta ka ce mata ranki ya ɓaci na sani, nawa ma ya ɓaci, zo mu yi magana. Kalma ukun nan da take nema in sun maƙale a maƙogwaro ka rubuta mata a waya tana zaune kusa da kai, ba wanda zai kai rahoto Farin Gada. Ranar haihuwar kuma ba sai ka tambaye ta ka ƙara laifi ba, tana rubuce a jikin katin zaɓenta, ka leƙa jakarta in ta shiga kicin.